TSUTSA DA ƘWARIN DA KE KASHE TALO-TALO

Jama'a, aikina duban mutane ne, ba duban tsuntsaye ba. Yau shekara ashirin da 'yan kai ina aiki a ɗakin magani na ƙauye, ina wankin gyambo, ina ba da maganin zazzaɓi da na zawo. Amma abu biyu suka sa na ga ya kamata in yi muku wannan bayani. Na fari, ba a yin damina ba a zo mini neman maganin zawo ba, in na ce ina mara lafiyan, sai a sunkuyar da kai a ce ai talo-talo ne. Na biyu, a kan kawo mini yaro jikinsa duk ƙuraje, ko kuwa ya sha maganin ƙwari, in aka bi diddigi sai a tarar daga akurki abin ya taso. Da na ga haka sai na riƙa tambayar malaman dabbobi, ina kuma buɗe cikin tsuntsayen da suka mutu a gidana da gidajen maƙwabta. Abin da na samu shi zan faɗa muku.

Talo-talo dukiya ne. Namiji guda in ya ƙosa ya kan yi kuɗin kaji da yawa, balle a watan Disamba, sa'ad da 'yan kasuwa ke bin ƙauyuka suna saye domin Kirsimeti. Mata da yawa da shi su ke tara kayan ɗakin 'ya'yansu, ko su biya kuɗin makaranta. Amma duk wanda ya yi kiwonsa ya san halinsa. Uwa ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, ku yi ta murna, kafin wata uku ku duba ku ga saura biyu ko uku. Sai a ce talo-talo raki gare shi, ko a ce kambun baka ne. Ba kambun baka ba ne. Sanyi da ruwan sama da shirwa suna ɗaukar rabonsu, gaskiya ne. Amma akwai ɓarawon da ba a gani, watau tsutsar ciki da ƙananan ƙwarin da ke shan jini.

KAZA CE KE ƊAUKE DA CUTAR

Asalin talo-talo daga nahiyar Amurka ne, wajen Meksiko. Mutanen Sifen suka kai shi Turai kimanin shekara 500 da suka wuce, daga can ya bazu har ya iso mu. Watau baƙo ne a cikin kaji. Akwai cututtukan da kaza ta saba da su, tana yawo da su ba su dame ta ƙwarai ba, amma in suka shiga talo-talo sai su kai shi ƙasa. Babba a cikinsu ita ce wadda Turawa ke kira ciwon baƙin kai. Sunan nan yana ruɗin mutane, gama da wuya ku ga kan tsuntsun ya yi baƙi. Da ni ne mai raɗa suna, da ciwon hanta na ce, domin can ne ɓarnar ta ke.

An fara lura da ciwon nan a Amurka cikin 1893, a wata jiha da a ke kira Rod Ailan, inda ya kusa ƙarar da kiwon talo-talo. Cikin 1895 wani likita mai suna Theobald Smith ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Amma sai cikin 1920 aka gane hanyar da ta ke bi ta shiga tsuntsu. Ga hanyar, ku saurara da kyau, domin duk maganarmu a kanta ta rataya.

In kun taɓa gyaran kaza, kun ga wasu hanji guda biyu kusa da ƙarshen hanjinta, kowanne bakinsa a toshe kamar jaka. A cikinsu wata 'yar tsutsa ke zama, fara, siririya kamar zare, tsawonta bai fi rabin inci ba. Ita kanta ba ta cika ɓarna ba. Amma ƙwayar ciwon baƙin kai, wadda ido ba ya gani, ta kan shiga cikin ƙwan tsutsar nan ta ɓuya. In ƙwayar ta fito fili ita kaɗai ba ta daɗewa, cikin 'yan sa'o'i ta mutu. A cikin ƙwan tsutsa kuwa sai ta yi shekara biyu ko uku a ƙasa da ranta. To, kaza ta yi kashi a tsakar gida, ƙwan tsutsa ya zuba. Bayan kamar mako biyu ƙwan ya nuna. Ɗan talo-talo ya zo yana tsince-tsince ya haɗiye shi tare da tsaba. Shi ke nan, ya ɗauka. Tana ma ta kan haɗiye ƙwan nan ta ajiye shi a jikinta. Shi ya sa da damina, in ruwa ya fito da tana 'yan tsaki suna rububinta, ni ba murna ni ke yi ba. Zabi ma suna ɗauke da tsutsar kamar kaji.

Bayan kwana bakwai zuwa goma sha biyu sai alama ta bayyana. Tsuntsun ya yi sanyi, ya saki fukafukai, gashinsa ya hargitse, ya tsaya wuri guda ido a lumshe, ya ƙi abinci. Babbar alama kuwa ita ce kashinsa. Ya kan zama ruwa-ruwa, rawaya, kamar an dama garin ɗorawa. Waɗanda suka fi mutuwa su ne 'yan mako uku zuwa wata uku, ko da ya ke manya ma ba su tsira ba. In ciwon ya shiga garke ya kan kashe takwas cikin goma, wani lokaci ma ya share duka. Kuma da zarar guda ya kamu yana iya sa wa 'yan'uwansa ba sai da tsutsa ba. In suna kwance a kan ɗanyen kashin juna, cutar ta kan shiga ta dubura. Saboda haka ranar da kuka ga kashin nan mai ruwan ɗorawa, ku nemi mai shi ku ware shi, sauran kuma ku sake musu wurin kwana mai bushewa.

In guda ya mutu, maigida ya sa leda a hannu ya buɗe cikinsa. Za ku ga hanta da tabo zagaye-zagaye, girman maɓallin riga, tsakiyarsu ta loɓa, launinsu rawaya ko toka-toka. Hanjin nan biyu kuwa sun kumbura, cike da wani abu mai tauri kamar cuku, mai wari. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai manta ba. In kun gama ku binne mushen da zurfi ko ku ƙone shi, kada ku jefa a juji kaji su bi ta kai, sa'an nan ku wanke hannu da sabulu.

Yanzu sai ku ce, to mene ne maganinsa? Nan ne wuyar ta ke. Dā akwai magungunan da a ke zuba wa talo-talo a abinci domin tsare shi daga ciwon nan. Ƙasashen Turai suka hana na ƙarshensu cikin 2003, Amurka ta janye nata a ƙarshen 2015, saboda tsoron abin da ke saura a cikin nama ya cuci mai ci. Allurar rigakafinsa kuma babu ita a kasuwa. Watau har masu manyan gonaki na can, da kuɗinsu da likitocinsu, abin da suka dogara gare shi shi ne tsabta da raba talo-talo da kaji. Maganin da mutane ke zuwa roƙona, Flagyl, dangin waɗancan ne da aka hana, kuma a ƙasashen nan haramun ne a ba dabbar da za a ci. Ba na bayarwa. Ba rowa ba ce. Maganin ɗakin magani na mutane ne, a ƙirge ya ke, kuma ni ba a koya mini awon maganin tsuntsu ba. Mai talo-talo mara lafiya ya tafi wurin malamin dabbobi.

KAZA MAI KWANCI

Akwai wata al'ada tamu wadda ke buɗe wa ciwon nan ƙofa. Mu kan ɗebe ƙwan talo-talo mu sa wa kaza ta kwanta a kai, domin uwar ta ci gaba da saka. Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi, na talo-talo 28, kaza mai haƙuri ta kan jure. Dabara ce mai kyau, kuma kaza ta fi talo-talo iya reno. Amma ku tuna abin da ke cikin hanjinta. 'Yan tsakin nan tun ranar fari a kan kashinta su ke kwana, inda ta tona nan su ke ci.

In ba makawa sai kaza za ta yi kwancin, ku ba ta maganin tsutsa kafin ta kwanta, ku duba jikinta ko da ƙwari. In an ƙyanƙyashe, abin da ya fi shi ne ku ɗauke 'yan tsakin ku rene su da kanku a keji. Ku yi wa kejin ƙasan waya, ko na kara da aka jera da 'yar tazara, ku ɗaga shi kamar ƙafa ɗaya daga ƙasa, yadda kashi zai riƙa zubewa ba su taka ba. Makon fari ku shimfiɗa buhu a kai saboda ƙafafunsu ƙanana ne, kuna sake shi kullum. Ɗan talo-talo ba ya son sanyi ko kaɗan, sai ku ajiye tukunyar garwashi mai murfi kusa da su da dare, amma ku lura da gobara, ku kuma bar wa iska hanya. Ku riƙe su haka har su yi wata biyu, in da hali uku. Na san aiki ne, da tsadar abinci. Amma ku auna da kuɗin manyan talo-talo takwas a watan Disamba.

In lokacin sakinsu ya yi, ku zaɓa musu wuri. Wurin da ya fi shi ne inda kaji ba su yi kiwo ba shekara uku. A ƙauye samun irin wannan da wuya, amma sai a yi abin da a ke iyawa. Bayan gida ya fi tsakar gida. Jigawa mai rairayi inda rana ke duka ta fi gindin randa da bakin makwarara, domin rana da bushewa suna kashe ƙwan tsutsa, laima da inuwa kuwa suna raya shi. Ku yi musu nasu akurki dabam, da nasu kaskon ruwa, da nasu na abinci. Kada ku watsa musu tsaba a ƙasa. Har takalminku yana iya kwaso ƙwan tsutsa daga wurin kaji, don haka in za ku ba da abinci ku fara da 'yan talo-talo, ku ƙare da kaji. Wanda gidansa ya matse har ba zai iya raba su ba, shawarata ya zaɓi ɗaya. Na ga gidan da aka yi shekara uku a jere ana sayen 'yan talo-talo ana sake su cikin kaji talatin, kowace shekara ana binnewa, uwargida tana cewa hannunta ne ba ya karɓar kiwo. Ba hannunta ba ne, ƙasar gidan ce.

SAURAN TSUTSOTSIN CIKI

Akwai macijin ciki na tsuntsu, fari, tsawonsa inci biyu zuwa uku, mai zama a ƙaramin hanji. Ba ya kisa da sauri. Sai dai ku ga tsuntsu yana ci ba ya girma, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa. In ya yi yawa ya kan toshe hanjin ɗan tsako. Akwai tsila, mai faɗi, gaɓa-gaɓa. Ita ba daga kashi kai tsaye a ke ɗaukarta ba, sai ta bi ta jikin tururuwa da buzuzu da ƙuda, tsuntsu ya ci su ya kamu. Wani lokaci za ku ga gaɓoɓinta a kan kashi kamar farar shinkafa.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce jar tsutsa ta maƙogwaro. Mace da namiji a manne su ke kullum, kamar reshe mai baki biyu, suna kafe a hanyar numfashi suna shan jini. Ɗan talo-talo ya riƙa miƙa wuya yana buɗe baki kamar mai hamma, yana girgiza kai, har numfashi ya gagara. Ita ma tana da katantanwa ke ɗauke da ita.

Sai kuma wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, koksidiya, mai cin bangon hanji ta sa 'yan tsaki zawo mai majina. Wurin da ya jiƙe ta ke so. Cikin kwana ɗaya ko biyu a kan danshin gindin kaskon ruwa ta nuna, ta isa kama wani. Ita tana da magani wurin malamin dabbobi, amfiroliyam, wanda a ke zubawa a ruwan sha. Maganin tsutsa ba ya taɓa ta.

Magungunan tsutsa ba ɗaya ba ne. Fiferazin, wanda ya fi araha, macijin ciki ya ke fitarwa, ba ya yi wa 'yar tsutsar hanji biyu abin kirki. Fenbendazol da lebamisol su ne ke kai mata. Tsila kuma nata dabam ne. Saboda haka ku kwatanta wa malamin dabbobi abin da kuka gani, in da hali ku kai masa kashin a leda. A ba da maganin aƙalla farkon damina da ƙarshenta, kuma a ba duk tsuntsayen gidan rana ɗaya, da kaji da zabi da talo-talo. In kun ba talo-talo kun bar kaji, kun share ɗaki ne kun bar ƙofa a buɗe iska tana kaɗawa. Kwana biyu bayan magani ku share kashin duka ku kai rami. Ku tambayi malamin kwana nawa za ku jira kafin yanka ko cin ƙwai, ku kuma cika kwanakin, ko da mai saye yana tsaye da kuɗi a hannu.

Wasu su kan jiƙa sassaƙen maɗaci a ruwan shan tsuntsaye, wasu tafarnuwa, wasu barkono. Ban hana ku ba. Amma na buɗe cikin talo-talon da ya yi wata guda yana shan maɗaci na tarar da tsutsa cunkus, don haka kada ku dogara gare shi.

Wata tambaya da mata kan yi mini ita ce, ko yaro yana ɗaukar macijin ciki daga kaji? A'a. Tsutsotsin nan na tsuntsu ba su zama a cikin mutum. Macijin cikin yaro daga bayan gidan mutum ya ke zuwa, maganinsa masai da wanke hannu. Amma kashin tsuntsu yana da tasa illa, za mu zo gare ta.

MASU SHAN JINI DA DARE

Mu kan haɗa ƙwarin jikin tsuntsu duka mu ce ƙuma, amma iri-iri ne, kuma kowanne inda a ke tare shi dabam.

Kwarkwatar tsuntsu a jikinsa ta ke rayuwa, tana cin gashi da ɓawon fata. Ku buɗe gashin gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike, za ku gan ta tana gudu, da ƙwanta fari a manne a tushen gashi. Ba ta zama a kan mutum. Ƙuma mai mannewa kuwa ta kan kafa kai a fatar fuska, kewayen ido da wuyan talo-talo inda babu gashi, ta yi makonni ba ta motsa ba. Sai ku ga fuskar ɗan tsako kamar an barbaɗa mata baƙin barkono. In ta yi yawa ta kan rufe ido da gyambo, tsuntsu ya kasa ganin abinci. Ku shafa basilin ko man kaɗanya a kanta da kauri, iska ta yanke mata, ta mutu. Kada ku shafa kananzir ko baƙin mai, suna ƙona fata. 'Ya'yan ƙumar nan a cikin ƙurar ƙasan akurki su ke girma, in ba ku kwashe ƙasar ba sai ta komo. Karnuka da kyanwa da ɓeraye ma suna yawo da ita. Akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa, ƙafar ta yi kauri da kaushi kamar an yaɓa mata ƙasa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a shafa mai, a riƙa maimaitawa bayan kowane kwana uku har makonni.

Biyun da suka fi mugunta ba ku ganinsu da rana. Ɗaya wani jan ƙwaro ne ƙanƙane, kamar ƙwayar barkonon da aka daka. Ɗaya kuma kaskar kaji, mai faɗi, wadda ta yi kama da kuɗin cizo. Da rana suna ɓoye a tsagar bango, da tsagar itacen da tsuntsaye ke hawa, da ƙarƙashin ɓawon itacen da su ke kwana a kai. Da dare su fito su sha jini su koma. Jan ƙwaron nan daga ƙwai zuwa babba kwana bakwai ne kurum, kuma ya kan yi watanni ba ci yana jira. Kaskar ta fi shi haƙuri, ta kan yi shekaru, tana kuma sa wa tsuntsu wani zazzaɓi mai kisa. In kun ga talo-talo ya ƙi shiga akurki da magariba, ko mai kwanci ta tashi daga kan ƙwai ba dalili, ko jan wuyansa ya koɗe, ku ɗauki tocila bayan lisha ku haska. Ko ku goga farin ƙyalle a ƙarƙashin itacen hawansu, in ya fito da ɗigon jini kun sami amsa.

Wata damina wata mata ta kawo mini jariri ɗan wata bakwai, jikinsa duk jajayen ƙuraje, ba ya barci sai kuka. An yi masa maganin ƙazwa har sau biyu a banza. Na ce mata, "Uwargida, ina tsuntsayenki ke kwana?" Ta ce, "Malam, ai talo-talona tana kwanci a ƙarƙashin gado, saboda ɓarayi." Muka je gidan da mijinta, muka ɗaga kwandon, ga jan ƙwaro kamar an watsa garin barkono, har ya hau ƙafar gado. Aka fitar da kwandon, aka ƙone shimfiɗar, aka zuba wa gado tafasasshen ruwa aka shanya shi a rana. Kafin mako ya zagayo yaron ya warke, ban ba shi kome ba sai man shafawa na rage ƙaiƙayi. Ƙwaron nan ba ya iya zama a jikin mutum, amma yana cizo.

To, tun da ya ke a bango su ke zaune, bangon za ku yi wa magani, ba tsuntsu kaɗai ba. Ku fitar da duk shimfiɗar akurki ku ƙone. Ku zuba tafasasshen ruwa a tsagogi da kan itacen hawa. Itacen da ya tsattsage ku sa shi a murhu, ku kawo sabo wanda aka fere wa ɓawo. Ku yaɓe bango ku toshe kowace tsaga, ku shafa farar ƙasa. Bayan kwana bakwai ku sake zuba ruwan zafi, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. Ku kuma tona ɗan rami a inuwa inda ruwa ba ya kai, ku cika shi da toka da rairayi mai laushi, tsuntsaye su riƙa birgima. Wannan yana rage kwarkwata ƙwarai, kuma ba ya cin ko kwabo. In abin ya fi ƙarfin haka, akwai hoda wurin malamin dabbobi mai maganin da a ke kira farmetirin. Ku bi awon da ya faɗa, ku rufe hanci, ku kuma nisanta ta da kyanwa da ruwan da ke da kifi, gama tana kashe su.

FIYA-FIYA

Nan zan ja kunnenku, domin wannan ya shafi aikina kai tsaye. Kada ku fesa wa tsuntsu fiya-fiya ko maganin feshin gona, kada kuma ku fesa a akurki yara suna kusa. Guba ce mai shiga ta fata da ta numfashi, ba sai an sha ba. Tana kuma iya shiga ƙwai da nama. Wannan ba kuskuren mutanen ƙauye kaɗai ba ne. Cikin 2017 a ƙasashen Holan da Beljiyam aka gano an fesa wani maganin ƙwari da aka hana, fifronil, a gidajen kaji domin kashe jan ƙwaron nan, sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai.

Babban hatsarin a wurinmu shi ne zuba shi a kwalbar lemo a ajiye a gindin gado. Yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. Alamun gubar nan su ne yawu yana dalala, zufa, amai, zawo, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi yana ƙara, jiki yana karkarwa. In haka ta faru ku tuɓe masa tufafi, ku wanke jikinsa da ruwa da sabulu, ku kwantar da shi a gefe guda, ku garzaya asibiti da kwalbar a hannu domin likita ya san abin da ya sha. Kada ku ɗura masa man ja ko madara, kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Abin da aka ɗura yana iya sarƙe shi ya shiga huhu.

KASHIN TSUNTSU DA YARO MAI RARRAFE

Na ce tsutsar tsuntsu ba ta kama mutum. Amma kashin kaji da na talo-talo yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo, ko da tsuntsun lafiyarsa lau. Yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa za shi. Zawo in ya yi ta komowa yaro ba ya girma yadda ya kamata. Saboda haka sharar da za ta tsare 'yan talo-talo ita ce za ta tsare 'ya'yanku. A share tsakar gida kowace safiya kafin a saki yara. A tara kashin a rami ko a tsibi nesa da rijiya, a rufe da ƙasa, ya ruɓe ya yi zafi, zafin nan yana kashe ƙwan tsutsa da yawa, ya kuma zama taki mai kyau na gona. A shimfiɗa wa jariri tabarma. A rufe randa da kwanon abinci. Wanda ya taɓa tsuntsu ko akurki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro. In kuwa zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kawo shi ɗakin magani.

Tsuntsun da kuka sayo a kasuwa, kome kyansa, kada ku sake shi cikin naku ranar da ya zo. Ku ware shi mako biyu ko uku, ku duba ƙarƙashin fiffikensa da kashinsa, ku ba shi maganin tsutsa.

Abu na ƙarshe. Tsutsa da ƙwari ɗai-ɗai su ke kisa, bayan tsuntsu ya yi kwanaki yana ciwo. In kun wayi gari kun ga tsuntsaye da yawa sun mutu dare ɗaya, kaji da talo-talo da zabi gaba ɗaya, wannan ba tsutsa ba ce. Yana yiwuwa annobar kaji ce irin ta hunturu, yana kuma yiwuwa murar tsuntsaye ce, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya cikin 2006 a jihar Kaduna, ita kuwa tana kama mutum. A irin wannan hali kada ku buɗe cikin ko guda, kada ku yanka masu ciwo ku ci, kada ku kai sauran kasuwa, ku hana yara taɓa su. Ku sanar da mai unguwa da malamin dabbobi a ranar.